Alƙalin da sa hannu ɗaya ya raba shi da kujerarsa

1/ Jonathan Jasper Wright. Shi ne baƙar fata na farko da ya zama alƙali a kotun ƙolin wata jiha a Amurka. Yadda ya hau da daɗin ji, amma saukarsa ce ta tsaya min a rai. Ku biyo ni.

2/ An haife shi a Pennsylvania a 1840, ɗa ne, ba bawa ba. A 1865, da aka gama yaƙin basasa, ya tafi jihar South Carolina yana koyar da bayin da aka 'yanta. A 1866 ya zama lauya.

3/ A 1868 yana cikin waɗanda suka rubuta sabon tsarin mulkin jihar, ya kuma zama sanata a majalisarta. A 1870 majalisa ta zaɓe shi alƙalin kotun ƙoli. Bai ma cika shekara 30 ba fa.

4/ Sai zaɓen 1876. Mutum biyu kowa ya ce shi ne gwamna: Chamberlain na Republican, jam'iyyar Wright, da Wade Hampton na Democrat, tsohon janar a rundunar masu kare bauta. 'Yan bangar Hampton sun yi ta razana baƙaƙe kada su fito zaɓe.

5/ Hampton ya yi wa wata fursuna, Tilda Norris, afuwa. Shugaban gidan yari ya ƙi sakinta. Magana ta je kotun ƙoli. Kun gane tarkon ai: in kotu ta ce a sake ta, ta yarda Hampton ne gwamna ke nan.

6/ Alƙalai uku ne. Babbansu yana kwance ba lafiya, saura Wright da wani farar fata, Willard. Wright ya sa hannu a sake ta. Bayan kwana biyu ya rubuto cewa ya janye. Ina! Bakin alƙalami ya riga ya bushe.

7/ Ni dai ban iya ce masa matsoraci ba. Mutum ne shi kaɗai, gari cike da bindigogi, kowane ɓangare na jan rigarsa.

8/ A Afrilun 1877 Shugaba Hayes ya janye sojojin da ke gadin Chamberlain, Hampton ya zauna daram. Majalisar ta zargi Wright da shaye-shaye, ta fara shirin tsige shi. Ya ajiye aiki a shekarar. Tarin fuka ya kashe shi a 1885.

9/ Kotun ba ta sake ganin alƙali baƙar fata ba sai Ernest Finney, a 1985.