Daga Allon Zayyana Zuwa Fuskar Waya

Zanen farko da na tsaya na kalla tun daga farawa har gamawa, allon zayyana ne da aka yi wa yayana a Unguwar Tudu gab da saukarsa. Malamin bai taɓa launi ba sai da ya ja layukan baƙi duka da alƙalamin gamba, tawadar ta sha iska. Sannan ya bi duk gurbin ja a allon ya cike, ya koma rawaya, ya rufe da kore. Da na tambayi dalilin da ba ya gama kusurwa ɗaya kafin ya matsa, sai ya nuna min kaskon ruwa, ya ce yawan wanke alƙalami ke cinye yini.

Haka masu fenti ke yi a allunan shaguna da jikin manyan motocin da ke bin hanyar Gwarzo zuwa Kano: alli tukuna, sai fentin ƙasa, inuwa ta biyo baya. Da kasuwar littattafan Hausa ta buɗe a Kano, zamanin da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, bangon littattafai da yawa da hannu ake zana su. Kuskure ɗaya a idon budurwa, aikin kwana biyu ya tashi a banza.

Kwamfuta ta zo da maganin wannan. CorelDRAW ta fito a 1989, Photoshop a 1990, amma abin da ya sauya aikin shi ne leya, wadda Photoshop ta samu a 1994: tamkar fallayen roba masu haske da aka jera bisa juna, layi a nasa falle, launi a nasa, inuwa a nata. Ka goge ɗaya, sauran na nan lafiya. Sai dai a ganina shigowar kwamfuta shagunan Kano ta fara da gurgunta zane. Zane da linzami kamar ɗinkin hula ne da tabarya, don haka aka koma yanko hoton 'yan fim ana mannawa. Hannaye masu kyau da dama sun ajiye burushi a shekarun nan, kuma har yau abin yana min ciwo.

Wayar salula ta GSM ta iso Najeriya a 2001, amma sai da masu shafawa suka yi araha zanen hannu ya farfaɗo. Manhajojin zane Procreate da ibisPaint duk 2011 suka fito. Ga Krita kyauta ga mai kwamfuta.

Kwanan baya na zauna kusa da ɗan ƙanena yana zana mai tallan fura da ɗan yatsa. Ya fara da ƙaramin zane na gaggawa, ya rage haskensa, ya ja layi mai tsafta a sabuwar leya. Ya zaɓi launi biyar kacal ya jera a gefe, ya zuba kowanne a gurbinsa, bai kula da adon ƙwaryar ba sai da inuwa ta zauna. Abokinsa mai burushi ɗari a waya, da ya fara da gashin ido, yana can yana gogewa. Tsarin malamin zayyana ne sak, ko da yake yaron bai taɓa ganinsa ba.

Abin da ya ƙaru shi ne lissafin caji da na maɗaba'a. Yana adana aikin bayan kowane mataki, don batir ba ya sallama kafin ya mutu. Yana tambayar girman banar da za a buga tun kafin ya ja layin farko, ya kuma san koren da ke walƙiya a waya yakan dushe a takarda. Da ya gama, ya tura wa mai bugawa a Kano ta WhatsApp a matsayin fayil, ba hoto ba, kada a matse shi ya fito dishi-dishi.