Shagon Wane: Malamin Dambe da Ma'aunin Kundin Sani

A shekarar 1882 Jigoro Kano ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo, inda ya tsara wasan judo. Ya bar rubuce-rubuce da rajistar almajirai, don haka babu editan kundin sani da zai yi jayayya kan cancantarsa. Malamin dambe na ƙauyukan Batsari ko Safana kuwa, wanda ya koya wa samari naɗin hannu da tsayuwa a fage lokacin kaka, ba kasafai yake barin takarda ba.

Sharaɗin Wikipedia shi ne a samu majiyoyi amintattu, masu zaman kansu, da suka yi bayani mai zurfi a kan mutum. Tarihin dambe kuwa, wasan da aka san mahauta da shi tun asali, a bakin makaɗa yake. Waƙar Ɗan Anace ce ta raya sunan Shago, amma makaɗi yabo yake yi, kyauta yake karɓa, saboda haka ma'aunin ba ya ɗaukarsa shaida mai zaman kansa. Nazari irin na Edward Powe kan wasannin jarumta na Arewa kuma bai da yawa.

Sai dai dambe yana da tasa rajistar. Duk lokacin da aka kira ɗan dambe "Shagon wane", ubangidansa ake ambata, tamkar silsilar malamai a zaure. Wanda almajiransa suka cika fagage ya cancanci shafi. Hujjar tana nan. Wallafa ta ce ta rage. Nauyin yana kan masu bincike a jami'o'in Katsina, Kano da Sakkwato su naɗi bayanan dattawan nan kafin ƙasa ta rufe musu ido.