Tarihin Hasken Biki a Ƙasar Maraɗi

Duk wanda ya bi babbar hanyar mota da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ya ratsa Gidan Rumji, ya bar Maraɗi a hannun dama, ya wuce Agye har ya kai Gazawa, in dai tafiyar tasa ta dace da daren Sallah ko lokacin kaka da ake yawaita aure, da wuya ya rasa hango wani fili da aka ƙawata da ƙananan fitilu masu launi iri-iri, samari sun kewaye mai kiɗan na'ura, wani kuma yana bin jama'a da abin ɗaukar hoto. Dattawa da dama suna ɗaukar wannan al'amari bidi'a ce da ta faɗo musu daga sama jiya-jiya, alhali kuwa in aka bi salsalarsa a natse, za a tarar sha'awar ƙawata taro da haske daɗaɗɗiya ce a wannan ƙasa; abin da ya yi ta sauyawa shi ne hannun da ke riƙe da hasken, da kuma wanda ke da ikon cewa ga abin da za a kalla.

A zamanin kakanni, fitilar dandali ita ce wata, kuma da yake babu mahalukin da ya mallake shi, talaka da basarake daidai suke a ƙarƙashinsa. Idan farin wata ya tsaya, bayan an yi lisha an ci tuwo, 'yan mata su fito gaɗa, mai kalangu ya zauna, samari su tsaya daga gefe, ba a bukatar kowa ya biya ko anini domin a ga fuskar juna. Idan kuwa duhun wata ya shigo, sai wasa ya ragu, a koma tatsuniya a ɗaka gaban a-ci-bal-bal, wadda ake zuba wa man gyaɗa ko man kaɗe, a murɗa mata lagwani na auduga. Saboda haka lissafin kwanan wata, wanda malamai ke kiyayewa domin azumi da idi, shi ne kuma lissafin masu shirya wasa, ko da ba su taɓa zama gaban allo ba.

Inda hikimar ɗan Adam ta fara shiga sosai shi ne wajen wuta. Maƙera, waɗanda sana'arsu gado ce, suna da wasansu na musamman da suke yi ranar taro, inda mutum zai ɗauki ƙarfen da ya yi jawur ya riƙa shafa shi a jiki, ko ya kama garwashi da hannu, makaɗa suna zuga shi da kirarin gidansu, jama'a kuwa suna ja da baya don mamaki. Kuma ba kowa ke kusantar wannan fage ba, domin asirin abin a cikin zuriya yake, uba ya ba ɗa. Yara ma suna da rabonsu a watan Muharram, daren cika-ciki, lokacin da sukan kunna wa damin kara wuta su yi ta wurwura shi a cikin duhu, suna jifan juna da bakin wuta, wasan da a wurare da yawa na ƙasar Hausa ake kira wowwo. Wanda ya taɓa ganin yadda tartsatsi ke zana da'ira a sararin dare ya san cewa yaran nan sun gane wani sirri na ido, wato cewa haske mai gudu yakan bar alama a gani bayan ya wuce.

Sarauta kuma ta ɗauki nata kason, amma da rana tsaka. Bayan yaƙin Gawakuke na shekarar 1836, wanda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta rinjayi Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, sai Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, garin da yake cikin gundumar Gidan Rumji a yau, kuma har yanzu nan ne fadar Gobir. Mutanen da suka rasa tsohon birninsu, suka sake kafa mulki a bakin gulbi, suna da bukatar nuna wa masoyi da maƙiyi cewa sarautarsu ba ta mutu ba, hawan Sallah kuwa shi ne hujjar da ido ke gani: dawaki cikin lifidi, sulke yana walƙiya, kwalkwali da gashin jimina, kakaki da algaita da tambari, ga 'yan bindiga suna ɗura albarushi suna saki, hayaƙi ya turnuƙe sa'an nan mahaya su ɓullo daga cikinsa. A ganina, babu wani mai shirya kallo na wannan zamani da ya fi waɗannan bayin Allah sanin inda ya kamata a ɓoye abu da inda ya kamata a bayyana shi.

Kafin mu zo ga Turawa, ya kyautu mai karatu ya san cewa ilmin jefa sura a bango ba baƙo ba ne ga Musulmi. Hasan ibn al-Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna Misra ya rasu wajen shekarar 1040, ya bayyana a cikin littafinsa Kitabul Manaziri yadda haske ke shiga ta ƙaramar kafa cikin ɗaki mai duhu ya sauka a bangon da ke fuskantarta. A birnin Alƙahira kuma an daɗe ana wasan inuwa, inda ake yanka surori da fata a riƙe su tsakanin fitila da farin ƙyalle, har wani likitan ido mai suna Ibn Daniyal, wanda ya rasu a 1310, ya rubuta wasanni uku domin wannan fage. Fitilar jefa hoto ta gilashi kuwa sai a ƙarni na 17 aka ƙera ta a Turai, hoto mai motsi kuma aka nuna shi ga masu biyan kuɗi a birnin Faris a 1895.

Zuwan Nasara ya kawo abu biyu, kananzir da majigi. Cinikin gyaɗa, wanda ya cika aljihun Alhazan Maraɗi, ya kuma jawo kantunan Faransawa, shi ya shigo da fitilar ƙwai ƙauyuka, daga baya kuma fitilar gas mai famfo, wadda in aka rataya ta a bakin rumfa sai a ce gari ya waye. Daga nan ne mai hali ya fara iya tsayar da ranar bikinsa ba tare da ya dubi sama ba, kuma daga nan ne haske ya zama abin da ake gane arziki da shi. Majigi kuwa a hayin Ingilishi ya fi ƙarfi, inda wani ma'aikacin kiwon lafiya mai suna William Sellers ya fara yawo da shi, har gwamnatin Ingila ta kafa masa sashe na musamman a 1939. Motar majigin takan iso gari da la'asar, a kafa farin allo a ƙofar fada, bayan magariba a nuna yadda ake kashe ɓera ko yadda ake noman auduga, mai fassara yana ta bayani da lasifika. Kallo ne na kyauta, amma mai shi hukuma ce, abin da take so shi ake gani.

Malamai ba su karɓi abin hannu biyu-biyu ba, kuma ba za a ce ba su da dalili ba, gama mas'alar sura tsohuwa ce a fiƙihu, ga kuma cakuɗuwar maza da mata cikin duhu. A Kano, inda aka buɗe gidan silima na Rex a 1937, mutane suka riƙa kiran abin dodon bango, sa'ad da kuma gobara ta tashi a silimar El Duniya a 1951 ta hallaka mutum fiye da 300, da yawa suka ce ai ga hukuncin Allah nan ya bayyana. Wannan muhawara ba ta ƙare ba har gobe, sai ma ƙaruwa da ta yi bayan an kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wadda da'awarta ta samu karɓuwa ƙwarai a Maraɗi da kewayenta, ta kuma matsa wa bidi'o'in biki da almubazzaranci lamba.

A nan dole a tsaya a ambaci wani ɗan Nijar wanda ban ga an ba shi haƙƙinsa yadda ya kamata a tsakanin Hausawa ba, wato Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015. Tun yana yaro, kafin ya taɓa riƙe na'urar ɗaukar hoto, yakan zana surori ya haska su da fitila ta cikin akwati, ya tara 'yan'uwansa yara ya nuna musu. Da ya girma ya sadu da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya tafi Kanada ya ƙaro sani, ya dawo ya zama ɗaya daga cikin na farkon masu zanen hoto mai motsi a Afirka ta Yamma, har a 1966 ya yi wani ɗan gajeren fim da kwaɗi, yana yi wa tafiye-tafiyen shugabanni shaguɓe. Daga baya ya zauna a Tawa, yana ɗaukar majiginsa yana kai wa mutanen karkara. Darasin da ke cikin rayuwarsa shi ne cewa bai jira an aiko masa da sura daga Faransa ba, da hannunsa ya zana abin da mutanensa za su gane su yi dariya.

Gwamnatin Nijar ta fara talabijin na makarantu a 1964, ta buɗe Tele Sahel ga kowa da kowa a 1979, a zamanin shugaba Seyni Kunce kuma aka rarraba akwatunan kallo na jama'a a garuruwa, waɗansu masu aiki da hasken rana, ƙungiyoyin samariya suna ta shirya wasanni da raye-raye. Amma babban juyi ya zo ne ta waya, ba wayar magana ba, ta lantarki: a 1994 aka ja layi mai ƙarfin kilobolt 132 daga Katsina zuwa Gazawa, daga nan ya rabu, reshe guda ya nufi Maraɗi, guda ya nufi Damagaram. Wannan ya dace da tasowar finafinan Hausa na bidiyo a Kano, waɗanda aka fara da Turmin Danya a 1990, sai gidajen kallo suka bazu, inda wuta ba ta kai ba a tayar da janareta, kuma daga cikin waɗannan finafinai ne 'yan mata da samari suka koyi sabon fasalin biki, da irin kiɗan fiyano, da ɗaukar amarya a kaset ana yi wa hotonta ado da furanni masu juyawa. Wanda yake shakkar muhimmancin wannan layi, ya tuna da watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024.

To, yanzu ga inda aka iso. Fitilun nan ƙanana marasa cin wuta, waɗanda binciken da ya haifar da mai launin shuɗi daga cikinsu ya sa aka ba masana uku haifaffun Japan kyautar Nobel a 2014, sun yi arha har mai shayi yana kewaye teburinsa da su, birnin Maraɗi kuma ya sha ado na musamman lokacin bikin Maraɗi Kwalliya na 18 ga Disamba 2015. A manyan biranen duniya kuwa an samu wata sana'a sabuwa, ta mutumin da ke zaune gefen makaɗi da kwamfuta, yana sarrafa hoton da ke kan allo nan take, yana sa shi ya bi bugun kiɗa, ya ninka, ya narke, ya tarwatse. Daga cikin manhajojin da suke aiki da su akwai Resolume, ta ƙasar Holan, kuma irin waɗannan manhajoji an yi su ne da ƙofa a buɗe, yadda wani gwani dabam zai iya ƙera ɗan ƙaramin ado, ya sayar ta intanet, mai bukata ya jona shi da tasa. Ƙanin wannan fasaha yana cikin aljihun kowane saurayi mai wayar zamani a Agye ko Gazawa, domin adon da yake liƙa wa bidiyon Sallarsa kafin ya tura wa abokai, asalinsu ɗaya ne.

Sai dai akwai abin dubawa. Galibin adon bukukuwa da ake ƙerawa a waɗannan kasuwanni an yi su ne domin idin waɗanda suka ƙera su, shi ya sa za ka tarar da ƙanƙara tana zuba, da itacen Kirsimeti, da kabewa mai haƙora, abin da aka tanadar wa Musulmi kuwa da wuya ya wuce jinjirin wata da fitilar azumi irin ta Misra. Ba laifin masu ƙerawa ba ne, kowa gidansu ya sani. Amma abin kunya ne a ga ƙanƙarar Turai tana sauka a kan amarya a garin da zafin bazara ke hana barci, alhali ga dagi, ga aska takwas ta wuyan riga, ga zanen ƙwarya da na sirdi, ga zayyanar da magina ke yi a fuskar soro, dukkansu surori ne na layi da kusurwa, waɗanda suka dace da lissafin kwamfuta, kuma ba su shiga saɓanin da malamai suka yi a kan surar abu mai rai ba.

Saboda haka kirana ga ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da samarin da ke ɗaukar hoton biki a Gidan Rumji da Agye da Gazawa, shi ne su je wurin maɗinka da magina da masu sassaƙar ƙwarya tun suna raye, su kwafi zanensu da izininsu, su koyi yadda ake mayar da shi adon allo, sa'an nan su sa masa farashin da mai bikin ƙauye zai iya biya.