Orquesta Aragón: Ƙungiyar Makaɗan Kyuba Da Ta Haura Shekara 80 Tana Sa Mutane Rawa

Yau za mu tsallaka teku zuwa ƙasar Kyuba, mu kawo muku tarihin Orquesta Aragón. A harkar waƙa, ƙungiya ta yi shekara goma ba ta watse ba ma abin a yaba ne, to ita wannan tun 1939 take, kuma har yanzu sunanta bai ɓace ba.

Asalinta

An kafa ta a garin Cienfuegos da ke kudancin Kyuba a watan Satumba na 1939. Wanda ya kafa ta shi ne Orestes Aragón, kafinta ne kuma makaɗin bass, wato ƙaton gogen nan da ake kaɗawa a tsaye. Da farko sunanta Rítmica 39, daga baya ta koma amsa sunan maigidan. Tsarin da ya kawo shi ne duk kuɗin da aka samu a wasa a raba daidai, babu babba babu yaro. Ku da kuka san yadda rabon kuɗi ke raba abokai a harkar nan, kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A 1948 rashin lafiya ta sa Orestes ya ajiye aiki. Sai ragamar ta koma hannun Rafael Lay, wani matashi mai goge wanda ya shigo ƙungiyar tun yana yaro.

Irin kiɗansu

Salonsu ana kiransa charanga. Babu ƙahonnin ƙarfe masu cika kunne irin na sauran manyan ƙungiyoyin rawa. Kayan aikinsu sarewar katako ce, da goge irin na Turawa guda biyu ko fiye, da piyano, da bass, da ƙananan ganguna, sai wani duma mai tsaga-tsaga da ake karzawa da tsinke, sunansa güiro. Masu waƙa kuma sukan haɗa murya wuri ɗaya kamar bakin mutum guda. Gogen yana ta maimaita ɗan gajeren amo, ita kuwa sarewa tana yawo a sama yadda ta ga dama. Shi ya sa kiɗan yake da sanyi a kunne amma ƙafa ba ta iya zama.

Lokacin tashe

A 1953 wani mai goge, Enrique Jorrín, ya fito da waƙar La Engañadora, wadda ta buɗe ƙofar rawar cha-cha-cha. A wannan shekarar ce Aragón suka fara naɗar faifai da kamfanin RCA Victor a Havana. Ba su suka ƙirƙiro cha-cha-cha ba, amma a hannunsu ta fi yin armashi. Ba a daɗe ba Richard Egües ya karɓi sarewa bayan tafiyar Rolando Lozano, kuma haɗuwarsa da Lay ita ce ta ba ƙungiyar sautin da aka san ta da shi.

Egües ne ya rubuta El Bodeguero, waƙar wani mai kanti a unguwa. Ta yi tashen da har Nat King Cole na Amurka ya sake rera ta a albam ɗinsa Cole Español na 1958. Sauran waƙoƙinsu da suka yi fice sun haɗa da Pare Cochero, Sabrosona da Cachita.

Bayan juyin juya halin 1959, makaɗa da yawa sun bar Kyuba, amma Aragón suka zauna. Kasuwar Amurka ta rufe musu, suka koma naɗa da EGREM, kamfanin gwamnati. Wannan ne ya karkata tafiye-tafiyensu zuwa Turai da Afirka.

Su da Afirka

Nan ne labarin ya matso kusa da mu. Tun kafin su zo, faya-fayan Kyuba sun riga su isowa Dakar, Bamako, Konakiri da Kinshasa, inda makaɗa ke kwaikwayon kiɗan har da rera Sifaniyancin da ba sa ji. Ɗaliban Mali da aka tura karatun kiɗa Havana, ciki har da Boncana Maïga, charanga suka kafa mai suna Maravillas de Mali. Da Aragón suka fara zagayen Afirka a shekarun 1970, sun tarar da jama'a sun haddace waƙoƙinsu. Su ma ba su koma hannu rabbana ba: daga abin da suka ji a Gini suka samo wani sabon salo da suka kira chaonda. Dama asalin gangunan Kyuba daga Afirka bayi suka tafi da shi, ka ga kiɗa ya dawo gida ke nan.

Bayan Rafael Lay

A 1982 Rafael Lay ya rasu a hatsarin mota. Egües ya ɗan riƙe ƙungiyar, ya bar ta a 1984, sai ɗan marigayin, Rafael Lay Bravo, ya karɓa. Tashensu ya ja baya na wani lokaci, har kamfanin Lusafrica na Faransa ya ɗauke su. A nan suka fitar da La Charanga Eterna a 1999 don cikarsu shekara 60, tare da baƙi irin su Papa Wemba na Kwango da Omara Portuondo. A 2020 kuma albam ɗinsu Ícono ya ci kyautar Latin Grammy.

Daga ina za a fara saurare?

In sabon shiga ne kai, fara da El Bodeguero na ainihi, ka bi sarewar Egües da kunne. Daga nan ka ji La Charanga Eterna, ka gwada da na da. Yawancin mutanen sun canza, amma sautin yana nan yadda Lay ya bar shi. Duk wanda ya saurara, ya faɗa mana wadda ta fi shiga ransa.