Gawa da Ilmin Jikin Ɗan Adam a Ƙasar Haɗejiya

A shekarar 1977 wani likita Bajamushe, Gunther von Hagens, ya gano dabarar hana gawa ruɓewa a Jami'ar Heidelberg. Akan zuƙe ruwan jiki da kitse duka, sa'an nan a ɗura wata irin roba ta maye gurbinsu, gawa ta bushe, ba wari ba lalacewa. A 1995 ya fara baje irin waɗannan gawawwaki a Tokyo, an feɗe su, tsoka da ƙashi a fili. Daga nan nunin ya zaga gidajen nunin kimiyya na Turai da Amurka, miliyoyin mutane suka biya kuɗi suka kalla. Hujjar masu nunin ita ce, abin da ɗaliban likita kaɗai ke gani ya kamata kowa ya gani.

Mutumin Haɗejiya zai ji wannan labari bambaraƙwai. A ƙasarsa wanda ya rasu da safe ba ya kai la'asar ba a yi masa sutura ba, watau wanka da likkafani da salla da binnewa. Ko shekarar da kogi ya yi ambaliya, fadama ta cika har ruwa ya ci gidaje, kamar 2022, sai an nemi tudu an haƙa kabari. To, mutanen da ba su buɗe mamaci, ina suka san abin da ke cikin mutum?

Harshen ne ke ba da amsa. Sunayen kayan ciki, hanta da huhu da ƙoda da saifa da tumbi da matsarmama, ɗaya ne ga mutum da rago, kuma a mahauta aka fi saninsu. Wanzami ya san inda zai kafa ƙaho da inda zai yi sakiya. Maɗori yana lalubar karaya ta bisa fata, ya ɗaure ta da karare. Ilmi ne na gaske, amma daga dabbar da aka yanka da mutum mai rai aka samo shi, iyakarsa kuwa tana nan a kalma guda, jijiya. Da ita ake kiran hanyar da jini ke fita daga zuciya, da wadda yake komowa ta cikinta, da zaren da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, da igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi. Abu huɗu ke nan da likita ba ya yarda a gwama su. Sa'ad da aikin asibiti ya zo, kalmar mahauta aka ara masa, aka ce fiɗa. Mai son bin diddigin waɗannan kalmomi zai sami taimako a ƙamus na Bargery na 1934, domin yakan sa alama a kan kalmomin Haɗejiya.

Malamai ma sun daɗe da sanin matsalar. Akwai hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da na mai rai. Ibn al-Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu, amma ya ce Shari'a da tausayi sun hana shi fiɗar gawa. A 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta yin haka domin koyarwa, bisa sharuɗɗa, har da binne abin da ya rage.

Turawa sun ci Haɗejiya a 1906. Makarantar likita ta Yaba ta buɗe a 1930, dokar fiɗar gawa ta biyo baya a 1933, sa'an nan Ibadan a 1948, Zariya a 1967. Tun daga nan ɗan Haɗejiya mai neman zama likita ba makawa ya tsaya a kan gawar da ba a binne ba. Amma fa gawar wa? A Edinburgh a 1828 Burke da Hare sun riƙa kashe talakawa suna sayar wa wani malamin likita gawarsu. Dokar Ingila ta 1832 ta kashe wannan kasuwa ta hanyar miƙa wa makarantu gawar matalautan da ba wanda ya zo nema. Wannan tafarki Nijeriya ta gada. Wani bincike da mujallar Clinical Anatomy ta buga a 2011 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na gawawwakin makarantun likita da aka duba na waɗanda aka harbe ne bisa zargin laifi. Zargi kuwa ba hukunci ba ne.

Ɗakin nuni bai tsira daga wannan tambaya ba. Von Hagens yakan ce nasa na waɗanda suka sa hannu tun suna da rai ne. Wani kamfani dabam, mai baje gawawwaki daga ƙasar Sin, hukumar shari'a ta New York ta tilasta masa a 2008 ya sanar da masu kallo cewa ba zai iya tabbatarwa ba na fursunonin da aka kashe ba ne. A 2009 kotu a Faris ta rufe wani nunin irinsa, babbar kotun Faransa ta tabbatar da hukuncin a 2010.

A Nijeriya dokar lafiya ta 2014 ta yarda mutum ya yi wasiyya da jikinsa domin koyarwa. Wasiyya a Haɗejiya kuwa, abin da aka saba ji a cikinta shi ne bashi da gona da riƙon marayu, da wanda zai yi wa mamaci salla.