Buraƙa: Dabbar daren Isra'i da abubuwan da aka raɗa wa sunanta

Buraƙa ita ce dabbar da Annabi Muhammad (SAW) ya hau a daren Isra'i, daga Makka zuwa Masallacin Ƙudus. Hadisan Bukhari da Muslim sun siffanta ta da cewa fara ce, ta fi jaki girma amma ba ta kai alfadari ba, kuma tana sauke kofatonta a iyakar ganinta. Malaman lugga suna danganta sunan da kalmar Larabci mai nufin walƙiya.

Daga baya masu zane na Farisa suka riƙa fito da ita da siffar doki mai fukafukai, abin da ya sa wasu ke haɗa ta da Pegasus, dokin tatsuniyoyin Girkawa. Asalinsu ba ɗaya ba ne.

Saurinta ya sa ake raɗa wa ababen sufuri sunanta. A Nuwamban 2018 Maroko ta ƙaddamar da jirgin ƙasa Al Boraq tsakanin Tanja da Kasablanka, wanda gudunsa ke kaiwa kilomita 320 a sa'a, irinsa na farko a Afirka. Akwai kuma kamfanin jiragen sama na Buraq Air a Libiya.

A Ƙudus, Musulmi suna kiran bangon da suka yi imani an ɗaure ta a jikinsa Bangon Buraƙa, Yahudawa kuwa suna girmama shi da sunan Bangon Yamma. Taƙaddama a kansa ta haddasa rikicin Agustan 1929, inda mutum fiye da 200 suka mutu.