Garin Salford da Lambun Bridgewater

Duk wanda Allah Ya nufa da zuwa birnin Manchester na ƙasar Ingila, in ya haye Kogin Irwell ya fuskanci yamma, to, ya shiga Salford, garin da ba ya bakin bahar, amma himmar mutanen yankin ta jawo masa bahar ɗin har ƙofar gida a shekarar 1894, sa'ad da aka buɗe babbar hanyar ruwa wadda manyan jirage ke bi daga wajajen Liverpool, suna sauke hatsi da katako da auduga. Tashar jiragen ruwan Salford ta daina aiki a 1982.

Asalin arzikin wannan yanki kuwa kwal ne na unguwar Worsley, inda a 1761 aka buɗe magudanar da basaraken Bridgewater ya sa aka haƙa domin kai kwal Manchester, magudanar da har wa yau ruwanta ja ne saboda ma'adinin ƙarfe da ke tsatsowa daga tsofaffin ramuka. Da wannan dukiya ce magajinsa, Francis Egerton, ya gina ƙasaitaccen gida mai lambuna, inda Sarauniya Victoria ta sauka a 1851. Amma da zamani ya juya, gidan ya zama asibitin sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka rushe shi bayan na Biyu, daji ya cinye lambunan shekara da shekaru.

Wannan kango ne ƙungiyar masana shuke-shuke ta RHS ta raya, ta buɗe shi da sunan Lambun Bridgewater a watan Mayu na 2021, faɗinsa eka 154. Abin da ya fi kama zuciyata a ciki shi ne tsohon lambun nan mai katangar jan bulo, eka 11, wanda aka tsara wani sashensa bisa ƙa'idar lambunan da Farisawa da sarakunan Musulmi suka shahara da su, wato tafki a tsakiya, ƙoramu na gudana daga gare shi, katanga kuma na tare iska tana riƙe ɗumin rana, har tsirran ƙasashe masu zafi su yi albarka a ƙasar sanyi. Haƙiƙa mutanen da kakanninsu suka shaƙi hayaƙin masaƙu sun cancanci wannan ni'ima.

Ya kai mai karatu, in kana Manchester ko Birmingham, ka kai iyalinka cikin Yuni ko Yuli, lokacin da furanni ke kan ganiyarsu, kada kuma ka manta da laima.